Babi na Biyar: Baƙin Hunturu a Fadamar Nguru

Ruwan saman da ya sauka a Dutsen Abba, kudu da birnin Zariya, teku ya nufa. Zai gangara rafi, rafi ya kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa shi ga Kwara, daga nan sai ruwan gishiri. Amma ɗauki hanyar Kano, ba za ka yi nisa cikin ƙasar Kano ba ƙasa ta juya maka ba tare da ka ankara ba. Ruwan da ya sauka can ba zai taɓa ganin teku ba. Kogin Kano da na Challawa za su kwashe shi, su haɗe, su wuce ta Wudil, su zama kogin Haɗeja, su miƙa gabas suna neman tafkin Chadi.

Ba su isa da sauƙi. Gabas da Haɗeja akwai tsofaffin tuddan yashi a jere, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take a yau. Da kogi ya iske su sai ya rasa hanya ɗaya, ya rarrabu, wani reshe ya bi nan, wani ya bi can. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauci, shi ma haka yake yi. Sai kusa da Gashuwa suke tattaruwa su zama kogin Yobe. Abin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa shi ne fadamar da wannan babi ya zo kallo: ruwa shimfiɗe, tuddai sun zama tsibirai, ƙauyukan Badawa da Mangawa da Hausawa a kansu, Fulani na shigowa da shanu in ruwa ya ja.

Attajiran duniya kan biya maƙudan kuɗi su hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Galafagos na ƙasar Ikwado, kimanin kilomita 1,000 cikin teku, don su yini suna kallon kunkuru da tsuntsaye a inda Charles Darwin ya sauka a 1835. Ɗan Zariya da ke son irin wannan yinin ba ya bukatar fasfo. Motar Kano zai hau, daga Kano ta Haɗeja, daga Haɗeja ta Nguru, garin da layin dogo ya ƙare a 1930. Abin da ya rage kwalekwale ne, da mutumin da ya san ruwa.

Lokacinsa daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma a fita bayan sallar asuba. Sanyin da ke tasowa daga ruwa a watan Janairu ya fi na Samarun Zariya cizo, don haka wanda ya zo da riga ɗaya zai yi kallon yana karkarwa. A guji jirgi mai inji. Yana da sauri, amma ƙararsa na tashin duk wani mai fiffike tun kana nesa, sai dai ka ga bayansu. Kwalekwalen katako ake so, wanda mai shi ke tsaye a baya yana tura shi da doguwar sanda, in an shiga zurfi ya zauna ya ɗauki filafili.

Farkon tafiyar babu abin kallo, kuma ya kamata baƙo ya san haka don kada ya yi zaton an cuce shi. Kwalekwale na bin wani siririn lungu ne da masunta suka sare cikin kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta fi mutum, dama da hagu ta rufe komai. Kukan ƙananan tsuntsaye kawai kake ji a ciki, ba ka ganinsu. Za mu dawo kan kacalla. Ita ce rabin labarin fadamar.

Da an fito fili sai kunne ya riga ido. Kirinjijiya ce, ɗaruruwa, suna feɗuwarsu mai gaɓa uku, fuskokinsu farare, wuyansu a miƙe suna duban wanda ya shigo. Can gefe dinya, baƙa mai fari a ciki, wadda in ta tashi sai ka ji iskar fiffikenta. Zalɓe a tsaye cikin ruwa bai ko motsa ba. Balbela, jinjimi, da zakaran ƙeƙuwa mai tsegumi, wanda da ya hango ka ya sanar da kowa. Waɗannan duk 'yan gida ne, da damina da rani suna ƙasar nan, sai dai su sauya tafki.

Biyu daga cikin 'yan gidan sun cancanci a tsaida kwalekwale dominsu. Na farko wani tsuntsu ne ja-ja mai farin wuya da shuɗin goshi, da ke tafiya a kan ganyen bado. Dubi ƙafarsa da kyau. Yatsun sun yi tsawon da bai dace da jikinsa ba, kuma su ne ke raba nauyinsa a kan ganye har ya taka bai nutse ba. Yana ɗaga ƙafa a hankali, ya ɗora a ganye na gaba, wanda ya bari yana ɗagowa da ɗan ruwa a samansa, ya sa baki ya juya gefen wani ganyen ya tsince ƙwaron da ke maƙale a ƙasa. A wajensu mace ce ta fi girma, takan yi maza fiye da ɗaya, ta saka wa kowa ƙwai ta yi gaba. Namijin ne ke kwanci, shi ne ke reno, kuma in ya ji haɗari sai ya kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su, ƙafafunsu na reto ta ƙasa. Na taɓa faɗa wa wani dattijon masunci wannan ina jin na kawo masa labari. Ya ce, "Malam, ai tun ina yaro nake ganinsa ɗauke da su. Abin da ban sani ba shi ne wai mijin ne." Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya kyauta.

Na biyu wani ƙaramin zalɓe ne baƙi ƙirin mai rawayan yatsu. Yakan yi taku uku ko huɗu a ruwa marar zurfi, sai farat ɗaya ya baza fikafikansa gaba ya haɗe bakinsu, ya sunkuyar da kai ciki, ya zama kamar malafa da aka kifa a kan ruwa. Daƙiƙa biyu ko uku, ya buɗe, ya ƙara taku, ya sake kifewa. Inuwar da ya yi tana kashe masa ƙyallin rana, ƙananan kifaye kuma na ruɗuwa su shigo inuwa neman mafaka. In ka yi sa'a ka tarar da goma ko ashirin suna yi tare, wannan na buɗewa wancan na rufewa, za ka manta da sanyi.

Sai baƙi, waɗanda su ne suka sa sunan fadamar nan ya shiga littattafan duniya. Akwai wata ƙaramar agwagwa da littattafan tsuntsaye ke kira garganey, namijinta na da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya. A Turai da Rasha take ƙyanƙyasa. Akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini, ita ma daga can. Akwai wani tsuntsun bakin ruwa mai launin ƙasa da ke zuwa dubbai, wasu tun daga Saberiya, yana sauka a gonakin shinkafar da aka girbe yana tsintar abin da ya zube. Ƙanƙara ce ke koro su. In tafkunan ƙasarsu suka daskare babu abinci, sai su yo kudu, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara. Bayan hamada kuwa wuraren da ke da ruwa shimfiɗe a watannin nan 'yan kaɗan ne: bakin kogin Sanagal, fadamar Kwara ta tsakiyar Mali, tafkin Chadi da fadamun da ke kewaye da shi, sai wannan tamu. A ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairun 1997 an lissafa fiye da 300,000 a fadamar Haɗeja da Nguru.

Bahaushe ya daɗe da sanin tsuntsu na tafiya. Shamuwa ce malamarsa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Zazzau ya san in ta sauka kan kuka ko tsamiyar gari ta fara tara kirare, to manomi ya gyara fartanya. Ita tata tafiyar cikin Afirka take, ta yi damina a nan ta hayayyafa, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin nahiyar inda tasu daminar ke farawa. Turawa sun fi mu daɗewa cikin duhu game da nasu. Har an yi zamanin da malamansu ke rubuta cewa wasu tsuntsaye cikin taɓo suke kwana duk tsawon hunturu. A 1822 aka harbo wata babbar farar shamuwa ta Turai kusa da garin Klütz na Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nan. Tana nan ajiye har yau a jami'ar Rostock.

Daga baya sai aka koma sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, mai lamba da adireshi. Zariya na da hannu a wannan aiki. Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, ya yi shekaru yana bin wasu tsuntsaye masu jan maƙogwaro da ke haƙa ramuka a gaɓar rafukan Zariya suna cin ƙudan zuma. Shi da John Elgood na Ibadan da Robert Sharland, wanda ya daɗe yana sa zobe a Kano, suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. Zoben da aka ɗaura a Turai kuwa sau da yawa a hannun maharbi ko masunci yake ƙarewa, a cire a ajiye, ba a san akwai mai jiran labarinsa a wata ƙasa ba.

In rana ta take, tsuntsaye sun lafa, sai a nemi tsibiri a sauka. Tudun yashi ne, goruba a kansa, da bagaruwa, da 'yan bukkokin masunta na zaman rani. Warin banda zai tare ka tun daga ruwa: tarwaɗa an lanƙwasa an soke an jera kan waya, hayaƙi na bi ta ƙasa, karfasa a gefe tana jiran dillalin da zai kai Nguru ko Haɗeja. Mata na saƙar tabarma da kaba. An jingine gura, an shanya kalli, ga manyan goruna da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo da koma a hannu. Wani tudun can shanu ne ke kiwo a ciyawar da ruwa ya janye ya bari, balbela na biye da su.

A nan ne, ana cin kifi da ƙuli, baƙo kan yi tambayar da kowa ke yi: ina dorina, ina kada? Amsar ita ce sai dai labari a bakin tsofaffi, ko abin da bai taka kara ya karya ba. Mai son dorina ya nufi Yawuri. Barewa ta yi ƙaranci, abin da za ka iya cin karo da shi jan biri ne, ko dila, ko guza a bakin ruwa. Rashin da ya fi ciwo shi ne na gauraka. Tsuntsun da ake kira na ƙasa, mai tukkun zinariya, wanda dā ake gani garke-garke a fadamun arewa, yanzu kusan ya ƙare a dajin Nijeriya. Kyansa ne ya jawo masa. An yi ta kama shi ana kai wa gidajen sarakuna da attajirai yana yawo a tsakar gida, inda ba ya hayayyafa, aka kuma noma wuraren da yake sheƙa. Yaron da aka haifa a Nguru yau zai fi saurin ganin gauraka a gidan wani mai hali da ya gan shi a fadama.

Na tambayi dattijon masuncin nan ko maharba ne suka rage tsuntsaye, masu ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe har su iske agwagi. Ya ce, "Suna taɓawa. Amma Malam, ba bindiga ce ta canza wurin nan ba. Ruwa ne ya daina zuwa yadda ya saba."

Gaskiyarsa. Dā kogin Haɗeja na da lokaci. Ya cika a Agusta da Satumba, ya malala ya rufe fadama, sannan ya ja a hankali, har da bazara ya kusa ƙafewa ƙaf. Kowa ya gina rayuwarsa a kan wannan zuwa da komawa. Kifi ya bi ruwa cikin ciyawa ya yi ƙwai. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, in ya ja ya bi danshin da wake. Bafulatani ya shigo bayan girbi. Ruwan da ya kwanta ya tsuma ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Tsuntsun Turai kuma ya iso daidai lokacin da ruwan ke ja yana barin taɓo da tsaba. A shekarun 1960 ruwan kan rufe murabba'in kilomita 2,000 ko fiye. A farin 1984 bai kai 300 ba.

Fari na da nasa laifin, amma a tsakanin shekarun nan an yi wani abu da ya fi fari daɗewa. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama na Challawa. Ba zan ce kuskure ne ba, don duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani ya ga koren Kadawa da Kura, ya ga kwandunan tumatir da buhunan shinkafa, ya san abin da Tiga ta yi wa mutane, ban da ruwan da birnin Kano ke sha. Sai dai lissafin da aka yi na gefe ɗaya ne. A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka auna abin da ruwa ke samarwa in an bar shi ya malala a fadama, noma da su da itacen wuta, suka kwatanta da abin da daidai wannan ruwan ke samarwa a aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ta yi wa aikin gwamnati fintinkau, ninki ba ninki. Kuma ba su sa kiwo da ruwan rijiya a lissafin ba, balle tsuntsaye. Abin da ya sa ba a ganin arzikin fadama shi ne a warwatse yake, hannun dubban mutane, babu ranar da wani zai zo ya yanka kirtani ya buɗe shi.

Dam ya rage cikar damina, wannan kowa ya gane. Abin da ba a zata ba shi ne ɓarnar ruwan rani. Tunda ana sakin ruwa duk shekara saboda masu noman rani, kogin da ya saba bushewa ya daina bushewa. Kacalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Dā bazara ke kashe ta, a sa mata wuta, shanu su tattake. Yanzu ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, sai ruwan ya karkata. Wasu rassan suka mutu, garuruwan da ke kansu suka rasa ruwa, reshen Marma da ke zuba a tafkin Nguru kuma ya sha fiye da cikinsa, gonaki suka nutse shekara da shekaru. Don haka za ka iya samun ƙauyuka biyu da ba su da nisa, ɗaya na kukan ƙishi ɗaya na kukan ambaliya, kuma ciwon ɗaya ne. In damina ta yi ƙarfi irin ta 2022, ruwan da ya rasa hanya cikin gidajen mutane yake shiga. Lungun nan da muka bi da asuba, da lauje da adda aka sare shi, mutane tsaye cikin ruwa har ƙirji, kuma baɗi sai an sake.

Abin da ke riƙe da fadamar yanzu kogin Jama'are ne, wanda har yau babu babban dam a kansa. An daɗe ana maganar gina na Kafin Zaki a jihar Bauci, a fara a tsaya, mutanen Bauci na so, na Yobe da Barno na tsoro. Duk ranar da aka gama shi ba tare da an yi yarjejeniyar sakin ruwan damina ba, ƙidayar Janairu za ta nuna, amma masunta za su riga ta sani.

Ba a rasa masu kula ba. A 1987 aka kafa aikin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, da hannun Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da ƙungiyoyin waje. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo tafkin Dagona da ke ƙasar Bade a 1989 don ganin agwagin nan, kuma Dagona na cikin gandun ƙasa na yankin Chadi. A 2000 tafkin Nguru da reshen Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 Dagona da fadamar Baturiya suka biyo. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da Baturiya gandun ƙasa, tare da dajin Falgore, wanda kogin Kano ke ratsawa kafin ya shiga Tiga. Kan kogi da gindinsa ke nan a takarda ɗaya, ko da yake ban ga alamar an yi hakan da niyya ba. Baƙin waje kuwa sun ɗauke ƙafa tun da rikicin Boko Haram ya taɓa Yobe. Waɗanda suka maye gurbinsu 'ya'yan gida ne, ɗaliban jami'o'in arewa da waɗanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta horar, suna yawo da madubin hangen nesa suna shigar da abin da suka gani cikin taswirar tsuntsayen Nijeriya ta wayar hannu.

Akwai abu ɗaya da nake ƙyashin Galafagos a kansa. Can doka ce, ba mai shiga wuraren da aka keɓe sai da ɗan rakiya mai lasisi, kuma sana'a ce da ake ci da ita. Nan mutumin da ya san tafkin da dinya ke kwana, ya san makon da baƙin agwagi ke isowa, ya bambance tsuntsu da kukansa cikin hazo, kuɗin tura kwalekwale kawai ake ba shi, a kuma tsaya ana ciniki. In ka je, biya shi kuɗin jirgi, sannan ka biya shi kuɗin sani daban, kuma ka gaya masa na mene ne.

Da la'asar sakaliya, a kan hanyar komawa, za ka ga wani abu baƙi ya taso daga gonaki yana murɗawa a sama, ya miƙe, ya dunƙule, ya sake miƙewa. Jan baki ne. Tsuntsu ne da bai kai tafin hannu ba, amma babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, kuma kacalla ta ba shi makwancin da babu mai iya shiga. Baƙo zai miƙe tsaye yana ɗaukar hoto har kwalekwale ya yi tangal-tangal. Mai jirgi ba zai ɗaga kai ba, ko in ya ɗaga tsaki zai yi, don yana da gonar shinkafa, kuma 'ya'yansa tun safe suna can suna jan igiya mai gwangwanaye suna ihu har muryarsu ta dishe. Garke ɗaya in ya sauka wa gona na ɗan lokaci, sai dai a girbe kara. Gwamnati kan turo jirgin sama ya yi feshi a makwancinsu, maganin kuma ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe. Mutanen fadama na da tasu hanyar. Da dare sukan shiga da raga su kamo su buhu-buhu, a fige, a soya da gishiri da yaji, gobe da safe suna kan faranti a tasha, ana sayarwa tsibi-tsibi.